Telegram, Facebook ko X: Inda Ɗalibin Larabci Ya Kamata Ya Shimfiɗa Tabarmarsa

Ɗalibin da Larabcinsa ya kai ya karanta shafi guda ba tare da ya buɗe ƙamus ba, ko yana Azhar a birnin Alƙahira, ko yana Jami'ar Musulunci ta Madina, ko kuma yana sashen Larabci a Kano, Sakkwato ko Say bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba, yakan wayi gari ya tarar da wayarsa ta cika da tashoshi da zauruka da shafukan da abokai suka jefa shi ciki. Data tana ƙarewa, ma'ajiyar waya tana cika, shi kuwa idan aka tambaye shi abin da ya ƙaru da shi a wata guda sai ya yi ta lalube. Irin wannan ɗalibi yana bukatar ya san dandalin da zai zauna a cikinsa da wanda zai riƙa leƙawa kawai ya wuce. Na daɗe ina bin uku daga cikin dandalolin da Larabawa ke musayar ilimi a kansu, wato Telegram da Facebook da X, kuma abin da na gani shi ne wurin da ake ajiye ilimi daban, wurin da ake gyara kuskuren da ke cikinsa daban, babu kuma ɗaya daga cikin ukun da ya haɗa biyun yadda ya kamata.

A da an taɓa samun wurin da ya haɗa su. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, Larabawa sun yi zamanin muntadayat, wato majalisun tattaunawa na intanet inda mutum zai buɗe maudu'i ya kawo mas'ala, masana su yi ta amsawa a ƙarƙashinta, maganar kuma ta zauna a wurin shekara da shekaru har mai nema ya same ta ta Google. Wasu daga cikin waɗannan majalisu, kamar Multaƙa Ahlil Hadis, sun tara tattaunawa mai nauyin da har aka kwashe taskarsu aka sa a cikin Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafai da ɗaliban ilimi suka sani. Da Facebook ya fito da fuskarsa ta Larabci a watan Maris na 2009, Twitter ya bi sahu a Maris na 2012, sai jama'a suka yi ƙaura, majalisun suka zama kufai. Ba a bar komai a baya ba sai tsari, domin ɗabi'un sun biyo mutane: har yau za ka ga an rubuta "manƙul" a ƙarshen dogon rubutu, ma'ana an ciro shi daga wani wuri da ba a faɗa ba, ko "unshur tu'ujar", wato yaɗa ka samu lada. Waɗannan kalmomi biyu su ne tushen rabin kurakuran da ke yawo da sunan ilimi a intanet ɗin Larabawa.

Ƙaurar kuma ba gida ɗaya aka yi ba. Mutanen Masar da Sudan da Aljeriya da Maroko da Libiya sun fi tarewa a Facebook, mutanen Saudiyya da Kuwait suka mayar da Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, majalisarsu ta yau da kullum, su kuwa ɗaliban ilimin addini daga kowace ƙasa, da ɗaliban jami'o'in Iraƙi, suka rungumi Telegram. Saboda haka wanda ya zaɓi dandali, ya sani cewa ya zaɓi mutanen da zai zauna da su ne, har da karin harshen da zai riƙa ji.

Telegram, wanda 'yan'uwan nan biyu 'yan Rasha, Pavel da Nikolai Durov, suka kafa a 2013, wanda kuma hedikwatarsa ke Dubai yanzu, ya samu karɓuwa a wurin ɗalibai ne tun da ya ƙirƙiro tashoshi a 2015. Dalilan a fili suke ga duk wanda ya taɓa neman littafi mai mujalladi ashirin da ƙaramar waya. Ana iya ɗora fayil guda mai nauyin gigabait 2 kyauta, fayil ɗin yana zaune a rumbun kamfanin ba a wayarka ba, kana iya goge shi yau ka sake sauke shi baɗi, sannan wanda ya shiga tasha yau zai ga duk abin da aka ɗora tun ranar da aka buɗe ta. Zaure guda yana ɗaukar mutum dubu 200. A nan ne ake samun hotunan littattafai da suke kira musawwar, da darussan murya na malamai jere da lamba daga na ɗaya har zuwa khatma, da abin da suke kira tafrig, wato darasin da wani ɗalibi ya zauna ya saurara ya rubuta shi kalma bayan kalma. Akwai ma shirye-shiryen karatu na shekaru da ake gudanarwa kusan gaba ɗaya ta Telegram, da jadawalin mako da jarrabawa da korar wanda bai cika sharaɗi ba. Ga mai ƙarancin data, darasin awa ɗaya na murya bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin bidiyonsa ba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Aibinsa yana nan daidai inda ƙarfinsa yake. Tasha magana ce ta mutum ɗaya: mai ita ya faɗa, dubbai su karɓa, kuma idan bai ga damar haɗa ta da zauren sharhi ba, babu inda wani zai ɗaga hannu ya ce malam, wannan hadisin ba haka yake ba. Sau da yawa ma ba a san ko wane ne mai tashar ba. Na taɓa ɗanɗana kuɗar wannan. Na sauke wani littafin nahawu mai mujalladi huɗu daga wata tasha mai mabiya da yawa, na yi watanni ina ciro hujjoji daga cikinsa ina rubuta lambar shafi, sai ranar da na kai babin farko wurin malamin da ke duba aikina ya jawo nasa kwafin daga kan kanta, ya buɗe shafin da na ambata a mujalladi na uku, ya juya mini shi ba tare da ya ce komai ba. Maganar ba ta wurin. Ashe wanda ya haɗa fayil ɗin ya ɗauko mujalladi na ɗaya da na biyu da na huɗu daga bugu ɗaya, na ukun kuwa daga wani bugu dabam na wani muhaƙƙiƙi, wato mai tantance nassin littafi kafin a buga, ya sa musu bango iri ɗaya. Mutum dubu nawa suka sauke shi kafin ni, Allah kaɗai ya sani, kuma babu wurin da ɗayansu zai bar gargaɗi ga na baya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da mai shiga ya kamata ya sani. Binciken kalma a cikin Telegram bai cika jituwa da ginin Larabci ba, don sau da yawa idan ka nemi kalma tsirara ba zai nuna maka inda ta zo da alif da lam ko da wawun haɗi a gabanta ba, sai ka gwada siffa biyu ko uku. Tashoshin littattafai kuma suna ɓacewa dare ɗaya idan maɗaba'a ta kai ƙara a kan haƙƙin mallaka, kuma gaskiyar magana ita ce da yawa daga cikin sababbin littattafan da ake rabawa ba da izinin masu su ake yi ba, abin da malaman Larabawa da kansu suka daɗe suna saɓani a kan hukuncinsa. Sannan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun yi amfani da manhajar sosai, har hukumar 'yan sandan Turai ta jagoranci wani gagarumin aikin rufe tashoshin ƙungiyar IS a Nuwambar 2019. Ɗalibin da ke bin kowace tasha don ta sa "ilimi" a sunanta yana iya tsintar kansa a inda bai nufa ba.

Facebook kishiyar wannan ne kusan ta kowace fuska. A nan rubutu yana da mai shi, da hotonsa da jami'arsa, a ƙarƙashin rubutun kuma akwai fili a buɗe. Malamin adabi a wata jami'ar Masar zai rubuta doguwar maƙala a kan wani baiti, kafin la'asar wani daga Muritaniya ya zo ya ce wazanin ya karye a shaɗara ta biyu, wato rabin baitin na biyu, wani daga Iraƙi ya ɗora hoton shafin diwani yana nuna cewa ba ma wannan mawaƙin ne ya faɗe shi ba. Wanda ya bi irin wannan musu har ƙarshensa yakan koyi abin da ba zai samu a darasi ba, wato yadda ake kafa hujja da yadda ake rushe ta. Zaurukan tambaya su ne dukiyar Facebook ta gaskiya: na masu neman rubutattun littattafan hannu, na ɗaliban digiri na biyu da na uku, na masu fassara, na likitoci, na masu neman tallafin karatu. Tambaya irin "wane bugu ne ya fi inganci na littafi kaza" a nan ake yin ta a samu amsa biyar masu karo da juna, kowace da dalilinta, kuma da na yi wannan tambayar tun farko da ban ji kunya a gaban malamina ba. Ilimin kimiyya ma ya samu gida a nan da Larabci: shirin Al-Bahisun as-Suriyyun, wanda matasan Siriya suka fara a 2012 a matsayin shafin Facebook, ya shahara da fassara binciken kimiyya cikin Larabci mai sauƙi tare da ambaton inda aka samo kowace magana.

Sai dai Facebook ba ya riƙe amana. Maƙalar da ta burge ka yau, bayan wata uku sai ka yi sa'a ka sake ganinta, domin manhajar ce ke zaɓar abin da za ta nuna maka, kuma ta fi son abin da ke tayar da ƙura. Ga talla, ga bidiyoyin da ke buɗe kansu suna cin data. Ga kuma matsalar tace rubutu: na'urorin kamfanin sun sha goge rubutun Larabci bisa kuskure, lamarin da ya fito fili a watan Mayun 2021 lokacin rikicin unguwar Sheikh Jarrah a Ƙudus, har wani rahoto da kamfanin Meta, mai Facebook, da kansa ya sa aka yi, wanda ya fito a Satumbar 2022, ya tabbatar da cewa an tsananta wa rubutun Larabci fiye da kima. Martanin da marubuta suka mayar abin sha'awa ne ga ɗalibin harshe: sun koma rubutu babu ɗigo, irin na farkon Musulunci, inda haruffan ba'un da ta'un da sa'un duk siffarsu ɗaya, don na'ura ta kasa karantawa alhali mutum yana ganewa. Wanda ya tashi da allo da rubutun warshu ba zai sha wahala sosai ba, amma ya sani cewa shafin malamin da yake bi yana iya rufuwa na wata guda saboda kalma ɗaya a darasin tarihi.

Batun harshe ya isa a tsaya a kansa, domin shi ne abin da ɗalibanmu ba su cika lissafawa ba. Mu fusha muka koya, Larabcin littafi. Tashoshin Telegram na ilimi kusan duk da fusha suke, saboda haka ɗalibi yana shiga yana gida. A Facebook kuwa maƙalar tana iya zama da fusha, amma sharhin da ke ƙarƙashinta, inda ainihin gyaran yake, da ammiyya ake yin sa, wato Larabcin baka na kowace ƙasa. Bamisire zai rubuta "izzay" da "leh" da "mish", mutumin Maroko ya gauraya darija, ammiyyar ƙasarsu, da Faransanci, wasu matasa kuma su rubuta Larabcin da haruffan boko suna sa 3 a madadin ain, 7 a madadin ha mai kauri, 2 a madadin hamza. Ɗalibin Nijar da ke da Faransanci zai fi ɗan Najeriya jin daɗin zaurukan Aljeriya da Tunisiya, wanda ya zauna a Sudan ko Chadi kuma shafukan Sudan ba za su ba shi wuya ba. Ni a ganina wannan wahala riba ce ga wanda ke shirin zama a Masar, domin a kasuwa da ofishin biza, har ma a bakin wasu malamai a cikin aji, wannan harshen zai tarar.

X ya fi duka kusantar da ɗalibi ga manyan mutane. Malaman jami'o'in Saudiyya da Kuwait, masu tahƙiƙin littattafai, likitoci, maɗaba'u da ɗakunan karatu suna nan da sunayensu, kuma sanarwar sabon bugu ko buɗe neman gurbin karatu kan fara fitowa a nan kafin ta isa ko'ina. Tun da aka faɗaɗa iyakar rubutu daga harafi 140 zuwa 280 a 2017, salon jera gajerun rubuce-rubuce a kan maudu'i ɗaya, wanda suke kira silsila ko sarid, ya zama hanyar koyarwa, akwai kuma majalisun murya da ake kira masahat. Gyara a nan yana zuwa da sauri, amma sau da yawa da duka yake zuwa, kuma gajartar rubutu tana sa a yanke hukunci a kan mas'alar da malamai suka cika mujalladi a kanta. Alamar shuɗi, wadda a da take nuna an tantance mutum, tun ƙarshen 2022 da kuɗi ake sayenta. Ga kuma abin da Larabawa suka raɗa wa suna zubab iliktroni, ƙudajen intanet, wato asusun haya da ke rufar wa mutum ko su cika maudu'i da hayaniya. A Disambar 2019 kamfanin da kansa ya sanar da rufe dubban asusu da ya danganta da wani shirin farfaganda daga Saudiyya.

Ga wanda ke zaune a ƙasar Larabawa da takardar izinin zama, akwai abin da ya fi ƙudaje nauyi. A watan Agustan 2022 wata kotun Saudiyya ta yanke wa Salma al-Shehab, ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Leeds ta Ingila, ɗaurin shekara 34 saboda abubuwan da ta rubuta da waɗanda ta sake yaɗawa a Twitter; daga baya an rage hukuncin, aka sake ta a farkon 2025. A Masar, doka mai lamba 180 ta 2018 ta ba hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ikon sa ido a kan duk asusun da mabiyansa suka kai 5,000 kamar yadda take yi wa jarida. Kada kuma a ɗauka Telegram mafaka ce: tashoshi da zauruka ba su da rufin sirri na ƙarshe zuwa ƙarshe, irin wanda ke hana kowa karanta saƙo sai mai aikawa da mai karɓa, kuma bayan kama Pavel Durov a Faransa a Agustan 2024 kamfanin ya bayyana cewa zai iya miƙa lambar waya ga hukuma idan ta zo da buƙata ta shari'a. Baƙon da ya je karatu, ya karanta a X, ya adana abin da ya amfane shi, ya bar siyasar masu gida ga masu gida.

WhatsApp ba na sa shi a wannan awo, ko da yake kowa yana da shi. Zauren aji ne, na sanar da cewa an ɗage lacca ko an fito da sakamako. Wanda ya shigo daga baya ba ya ganin abin da aka yi shekarun baya, fayiloli suna cika waya, kuma a nan ne "unshur tu'ujar" ya fi yin ɓarna. YouTube kuwa makaranta ce ta gaske ga mai wadatar data, tun daga cikakken sharhin littattafai har zuwa shirye-shiryen kimiyya irin Ad-Dahih na Ahmad al-Gandur, wanda da karin Masar mai gudu ake yin sa, amma kallo ake yi a can, ba a cika musaya ba. Wanda kuma yake son kwas mai farko da ƙarshe da takardar shaida a fannin zamani, ya nufi Rwaq ta Saudiyya da aka buɗe a 2013 ko Edraak da gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe a 2014, domin dandalin sada zumunta ba zai ba shi wannan ba.

Idan aka ce lallai ɗaya za a ɗauka, ga ɗalibin shari'a, hadisi, nahawu ko adabi, musamman wanda ke gida yana sayen data da kuɗin aljihunsa, Telegram zan ce, da sharaɗi biyu: ya taƙaita a kan tashoshin da aka san masu su da suna, kamar tashar malami ta kansa ko ta wata cibiya, sannan duk littafin da zai kafa hujja da shi ya buɗe shafin farko na kowane mujalladi ya duba maɗaba'a da shekara da sunan muhaƙƙiƙi. Wanda ke rubuta kundin digiri kuwa Telegram kaɗai ba zai ishe shi ba, sai ya haɗa da zaure biyu ko uku na Facebook a fanninsa, ya ɗauko kaya a Telegram ya kawo su Facebook a tantance. Mai shirin tafiya Masar ko Maroko ya fara da Facebook tun kafin biza ta fito, don kunnensa da idonsa su saba. Mai neman gurbi a Saudiyya, ko mai bin sababbin bugu da binciken likitanci, X zai fi yi masa amfani, a matsayin mai karatu da ba ya tsoma baki.

Kowanne aka zaɓa, abin da ke kan intanet a wannan yanki yana iya yankewa ba sallama. Masar ta katse intanet na kwana biyar daga 28 ga Janairun 2011. Sudan ta yi fiye da wata guda babu intanet ɗin waya bayan 3 ga Yunin 2019. Aljeriya da Iraƙi sun sha katse layi a lokacin jarrabawar kammala sakandare saboda masu fitar da tambayoyi, Iraƙi kuma ta toshe Telegram na kusan mako guda a Agustan 2023. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu da aka kwaso ta kan iyakar Masar da Port Sudan sun baro littattafansu na takarda a ɗakunan kwana, abin da ya biyo su gida shi ne abin da ke cikin waya da kwamfuta. Ni tun bayan da wata tashar darussan balaga da na dogara da ita ta ɓace ina tsakiyar darasi na goma sha bakwai, duk silsilar da na fara sai na sauke ta gaba ɗaya a kan katin ajiya, na rubuta sunan malamin da sunan littafin da bugunsa a jikin kowace jaka, kafin in saurari darasi na farko.